An sa sabon gasket, ruwa ya sake shiga baƙin mai: ina matsalar take?

Tambaya: Motata ta yi zafi a hanya har gasket ɗin kan inji, wato fallen da ke toshe tsakanin kan da gangar jikin injin, ya ƙone. An cire kan, an sa sabo, amma ba a jima ba ruwan lagireto ya fara raguwa, baƙin mai ya koma fari kamar an zuba madara, salansa kuma tana fitar da farin hayaƙi. Za a sake buɗewa. Me ya kamata in sa wa ido?

Amsa: Malam, sannu da wahala. A irin wannan yanayi da wuya laifin ya zama na gasket. Galibi ko dai kan injin ya lanƙwashe ba a duba ba, ko kuma an ɗaure shi da ka.

Yawancin motocin yanzu kan injinsu na alminiyam ne, zafi mai tsanani kuma yana karkatar da shi ta yadda ido ba zai gani ba. Don haka kada a taɓa shi sai injin ya huce sarai. A cire batir, a zubar da ruwa da baƙin mai, a juya injin har fistin na ɗaya ya hau ƙololuwa, a yi wa taimin alama, wato saitin da ke daidaita motsin fistin da bawul. Kusoshin kan ana sassauta su ne daga gefe zuwa tsakiya, kaɗan-kaɗan, zagaye biyu ko uku. Wanda ya kwance ɗaya gaba ɗaya alhali sauran na ɗaure, shi da kansa zai iya lanƙwasa kan.

Bayan an sauke shi, a nan aikin yake. A goge fuskarsa tas ba tare da an karce ta ba, a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a tsaye, a kwance da kuma a karkace, ana zura siririn ma'auni a ƙarƙashi. A injuna da yawa giɓin da aka yarda da shi bai wuce milimita 0.05 zuwa 0.1 ba, wato kusan kaurin gashin kai. In ya wuce, sai an kai shi an daidaita fuskar da injin sassaƙa. A auna fuskar bulok ma, wato gangar jikin injin da kan ke zama a kai. Tunda motarka ta maimaita, ina ba ka shawara ka nace a yi wa kan gwajin matsi don gano inda yake yoyo, domin ƙaramar tsaga tsakanin bawul da hanyar ruwa takan ɓuya.

Wajen mayarwa, a tsane ramukan kusoshin. Ruwa ko mai da ya taru a ciki yana hana kusa zama daidai, har ma yakan fasa bulok. Gasket yana da sama da ƙasa, kuma na ƙarfe mai falle-falle ba a shafa masa gam. Injuna da yawa suna amfani da kusoshin da ke miƙewa idan an ɗaure su. Waɗannan sau ɗaya ake amfani da su, sai a sayi sababbi. Ɗauri kuwa daga tsakiya yake farawa zuwa gefe, mataki-mataki, da sifana mai auna ƙarfi, bisa adadin da kamfanin motar ya rubuta. Wasu injuna suna buƙatar ƙarin juyi na digiri 90 a ƙarshe. Duk gwanintar bakanike, hannunsa ba zai iya auna wannan ba, kuma ni ba na yarda a ɗaure kan inji babu wannan sifana.

Kafin a tayar, a juya injin da hannu zagaye biyu a tabbatar alamomin taimin sun dawo daidai, don kada fistin ya daki bawul. A zuba sabon mai da sabuwar filta, a fitar da iskar da ke hanyar ruwa. Sannan a nemo abin da ya jawo zafin tun farko: fanka, famfon ruwa, tamostat ko toshewar lagireto. In ba a gyara shi ba, sabon gasket ɗin ma zai ƙone.