Sunan maigidana ya ɓaci a Sima, banki ya ce mu yi tadamun: in sa hannu?

Wata 'yar'uwa daga Jidda ta rubuto tana cewa: “Assalamu alaikum Malam lauya. Ni malamar makaranta ce, ni da maigidana duka 'yan ƙasar Saudiyya ne. Tun da aka rushe unguwarmu ta Sabil muke zaman haya, kuɗin haya kuma kullum gaba yake yi. Mun ga gidan da ya kwanta mana, maigida ya je banki neman tamwil, wato bashin sayen gida, aka ce sunansa yana da tabo a Sima, kamfanin da ke ajiye bayanan bashin mutane. Akwai tsohon layin waya da bai biya ba, akwai kuma katin bashi da ya yi wata huɗu bai biya ba lokacin da aikinsa ya tsaya. Albashinsa riyal 9,000, nawa 7,000, ni ban taɓa cin bashin banki ba. Yayana ya ce in karɓi rance da sunana in biya masa. Wani abokinsa ya ba shi lambar masu goge suna a Sima. Ma'aikacin bankin kuma ya ce mu yi tadamun, wato mu ɗauki bashin gidan tare. Wanne zan bi?”

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya huwace muku muhalli na kanku.

Bari in fara kwantar miki da hankali a kan abu guda. Tabon maigida bai shafe ki ba. A shari'a da tsarin ƙasar nan, aure ba ya gama aljihun miji da na mata. Bashinsa yana wuyansa, kuma babu mai bin ki sisi muddin ba ki sa hannu a matsayin mai lamuni ko abokiyar biya ba. Haka ma a Sima, kowa da kundinsa a kan lambar katinsa na ɗan ƙasa. Naki fari ne ƙal, kuma a yau shi ne babban jarin gidanku. Duk shawarar da zan ba ki tana kewaye da kada a ɓata shi garin gyara nasa.

Mutanenmu suna ɗaukar Sima kamar wani baƙin littafi da ake jefa sunan mutum a hana shi motsi. Ba haka take ba. Kamfani ne da ya fara aiki a 2004 ƙarƙashin kulawar Babban Bankin Saudiyya, wato Sama, aikinsa tattara abin da bankuna da kamfanonin tamwil da na waya suka kai masa. Ba ya ba da bashi, ba ya hanawa. Banki ne ke duba kundin ya yanke hukuncinsa, shi ya sa wani bankin zai ƙi mutum, wani ya karɓe shi da sharaɗi.

Saboda haka, kafin a biya kowa ko riyal ɗaya, maigida ya ciro rahotonsa da kansa ta manhajar Molim, ku zauna bayan Isha ku bi shi layi-layi. Sau da yawa abin da ma'aikaci ya faɗa a tsaye ba shi ne duka labarin ba. Ku duba wane ne mai bin bashin, nawa ne, an rubuta muta'assir ne, wato wanda ya kasa biya, ko jinkiri kawai. Idan kun ga abin da ba nasa ba, ko bashin da ya riga ya biya amma har yanzu yana buɗe, dokar bayanan bashi ta shekarar 1429 Hijira, wato 2008, ta ba shi haƙƙin ƙalubalanta, kuma ana bincika ƙorafin cikin kwana 30. In bai gamsu ba, sai ya kai ƙara Sama. Ya kuma leƙa Najiz, dandalin ma'aikatar shari'a na intanet, ya tabbatar ba a kai shi kotun tanfiz ba, wato kotun tilasta biya, domin in akwai hukuncin tanfiz a kansa, wanda mutane ke kira “ƙarar 46”, wato hukuncin sashe na 46, da wuya wani banki ya saurare shi sai an rufe wannan tukuna.

Abin da yake nasa ne na gaskiya kuwa, maganinsa biya. Ya biya kamfanin wayar, ya biya abin da ya taru a katin, sannan ya karɓi takardar mukhalasa, wato shaidar an gama biya, daga kowanne. Kada ya yarda da “an gama” na fatar baki. Bayan 'yan makonni ya sake ciro rahoton ya ga an sauya matsayin zuwa wanda aka biya.

A nan ne mutane ke ɓata rai da ni. Biya ba ya goge tarihi nan take. Doka ta yarda bayanin ya zauna a kundi har zuwa shekara biyar daga ranar da aka biya, ba fiye ba. Amma fa banki ba ya kallon bashin da aka rufe kamar wanda yake buɗe, kuma kowane wata da maigida ya biya abin da ke kansa a kan lokaci, makinsa na Sima yana farfaɗowa. Ni nakan ce wa masu zuwa wurina su ba kansu wata shida zuwa shekara na biya mai tsabta, ba tare da neman sabon bashi ba, har da irin na Tabby da Tamara, masu “saya yanzu, biya daga baya”, da ake ganin ba komai ba ne. Kuma ya daina yawo banki-banki yana cike takarda, domin duk tambayar da aka yi a kansa tana barin sawu a kundin.

Masu goge suna kuwa, yaga lambar. Kin san 'yan takardun nan da ake mannawa a jikin na'urar cire kuɗi, an rubuta “tasdidul ƙurud”, wato biyan basussuka, da lambar waya. Babu mai ikon goge bayani na gaskiya daga Sima. Abin da suke yi shi ne su biya tsohon bashin, su sa mutum ya ciro sabo mafi girma, su yanki rabonsu, kafin nan kuma sun sa shi ya sa hannu a sanad li'amr, takardar da ake kaiwa kotun tanfiz kai tsaye ba tare da doguwar shari'a ba. Ba su da lasisi, kuma wanda ya shiga hannunsu an gudu ne ba a tsira ba.

Shawarar yayanki ta fi wannan tsabta, amma ki yi lissafi tukuna. Tun 2018 Sama ta sa wa bankuna iyaka: mai samun riyal 15,000 ko ƙasa da haka a wata, jimillar abin da zai riƙa biya kada ta wuce kashi 55 cikin 100 na abin da yake samu, ko kashi 65 in yana cikin masu tallafin gida na gwamnati. Ke da 7,000, sararinki 3,850 ne, ko 4,550 da tallafi. Duk riyal ɗin da kika ɗaura wa kanki na rance, daga cikin wannan sararin zai fita. Kin wanke nasa kin rage naki ke nan. Idan bashin ƙarami ne, gara ku haɗa daga ajiya ko adashi ku biya. In kuma ke za ki fitar da kuɗin, ki yanke tun yanzu: kyauta ce ko rance? In rance ne, a rubuta, a tura ta banki. Ba rashin yarda ba ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka.

Akwai wani abu da mutane ba sa lura da shi. Katin bashi yana cin sarari ko ba a taɓa shi ba, domin banki yana lissafa mafi ƙarancin biya a kan iyakar katin gaba ɗaya, wanda galibi kashi 5 ne cikin 100. Katin da iyakarsa 20,000 ce yana cinye wa maigida riyal 1,000 a wata a lissafin banki. In ya biya shi, ya rage iyakar sosai ko ya rufe shi kafin ya koma neman tamwil.

Sai tadamun, inda nake so ki buɗe ido sosai. Amfaninsa a fili yake: ana haɗa albashinku biyu, kuɗin da za a ba ku ya ƙaru. Amma farin kundinki ba ya rufe tabon nasa, banki duka biyun zai duba, don haka yin sa yanzu kafin a gyara nasa na iya jawo a ƙi ku tare. Mafi nauyi kuma shi ne ma'anar kalmar a doka. A tsarin mu'amalar farar hula da ya fara aiki a ƙarshen 2023, idan mutum biyu suka ɗauki bashi bisa tadamun, mai bin bashin yana da ikon neman kuɗin duka daga wanda ya ga dama a cikinsu. Ba rabi ba, duka. In aikin maigida ya sake tsayawa, albashinki za a kama. In an yi jinkiri, kundinku biyu zai ɓaci. In aure ya mutu, Allah ya kiyaye, takardar saki ba ta warware takardar banki.

Wata baiwar Allah ta taɓa zuwa ofishina da leda cike da rasit, shekara tara tana biyan rabin kuɗin gida daga albashinta. Mijin ya rasu, aka buɗe sakki, wato takardar mallakar gidan, sunansa ne kaɗai a ciki. Gidan ya shiga gado, rabonta a matsayin mata tumuni ne tunda akwai 'ya'ya, shi ma ta raba da abokiyar zamanta. Sauran haƙƙinta sai da muka bi rasit ɗaya bayan ɗaya a gaban alƙali, wasu ma tawadarsu ta koɗe ba a iya karantawa. Mijin bai yi niyyar cutar ta ba. Kunya ce ta hana ta magana ranar sa hannu.

Don haka in za ki shiga tadamun, sharaɗinki shi ne sunanki ya shiga sakki da kason da ya yi daidai da abin da za ki biya. Ki tambaya wane irin kwantiragi ne. A murabaha gidan yana zama da sunan mai saye, banki ya riƙe shi jingina. A ijara kuwa yana zama da sunan mai ba da tamwil har a gama biya, to a nan dole kwantiragin ya faɗi wa za a mayar wa, da kaso nawa. Ki karanta sakin layin da ya yi maganar rasuwa ko naƙasa: in ɗayanku ya rasu, duka bashin ake yafewa ko kasonsa kaɗai?

Hanya ta huɗu, wadda ba wanda ya faɗa miki, ita ce ki nema ke kaɗai. Ba a duba kundin mutum sai da izininsa, kuma in maigida ba ya cikin kwantiragin, tabonsa ba ya shiga lissafi. Kuɗin zai yi ƙasa, amma gidan naki ne. Ɗan ƙasa mai sayen gidan farko ana iya ba shi har kashi 90 cikin 100 na ƙimar gidan, kuma gwamnati na ɗauke masa harajin cinikin gida na kashi 5 a kan riyal miliyan ɗaya na farko. Ku duba matsayin iyalinku a Sakani, shirin tallafin gidaje na gwamnati, kafin ku zaɓi sunan wanda za a nema da shi.

Da ni ne ke, zan sabunta haya na shekara guda, a biya layin wayar da katin a wannan watan, a ajiye takardun mukhalasa, a tara kuɗin somin-taɓi, wato kason farko da mai saye ke biya daga aljihunsa. In shekara ta zagayo sai ku sake ciro rahoton, ku nemi tayin bankuna biyu, ɗaya da sunanki ke kaɗai, ɗaya na tadamun, ku kai wa lauya ya karanta muku kafin ɗayanku ya ɗauki alƙalami. Kuma kada ku ba mai sayar da gidan arbun, wato kafin alƙalami, sai banki ya amince a rubuce, ko a sa a takarda cewa za a mayar muku da kuɗinku in tamwil bai fito ba.