Sakamakon NECO kaɗai ba zai nuna miki aikin firinsifal ba

Hajiya, kin ce an saka ki a kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai sa ido kan tafiyar da makaranta, na makarantar 'yan mata ta unguwarku, an nemi ku rubuta rahoto a kan firinsifal, kuma kina tambaya ko sakamakon NECO ya isa a auna ta da shi. Na yi koyarwa, na yi mataimakin firinsifal, daga baya na yi aikin sufeto a nan cikin birni, to ga abin da na gani.

Sakamako yana da amfani, amma shi ne ma'aunin da ya fi sauƙin yi wa coge. Duk firinsifal ya san abin da ake ƙirgawa: yara nawa suka samu kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Wanda bai ji tsoron Allah ba sai ya kau da kai ranar jarrabawa a shigo da satar amsa, ko tun daga SS2 ya fara rage masu rauni kafin a kai ga kwalifayin, wato jarrabawar tantance ɗalibai kafin NECO. Kuma ba adalci ba ne ki ɗauki makarantar jeka-ka-dawo mai yara sama da ɗari a aji ki jera ta da makarantun kimiyya na Dawakin Tofa ko Dawakin Kudu, inda sai yaro ya ci jarrabawar shiga ake ɗaukarsa. Ki kwatanta makarantar da kanta: yadda take shekara uku baya, da yadda take yanzu. Ki nemi rajista ki ga 'yan mata nawa suka shiga SS1, nawa suka kai SS3. Waɗanda suka ɓace a tsakani, aure ko talla, firinsifal ta taɓa aikawa gidajensu?

Abin da ya fi komai faɗa mini gaskiya shi ne zuwa ba sanarwa. Akwai wata makaranta da muka aika wa takarda cewa za mu zo. Muka tarar an share ko'ina fes, kowane malami riƙe da littafin tsara darasi, amma na sati shida duka da biro ɗaya aka rubuta, rubutun dare ɗaya. Bayan sati biyu na koma ni kaɗai ranar Alhamis bayan an dawo daga tara. Littafin sa hannu cike yake, kowa ya rubuta bakwai da rabi, amma ajujuwa da yawa babu kowa a gaban allo, monita ce ke rubuta sunayen masu surutu. Shugaban kuwa wai ya tafi ofishin shiyya, kuma maigadi ya ce kusan kullum can yake tafiya.

Don haka ki je da ƙafarki, ki zaga. Ki karɓi littafin yarinya guda daga bencin baya ki duba ranar da aka yi mata makin na ƙarshe. Ki leƙa banɗaki, domin a makarantar mata rashinsa kaɗai yana hana manyan 'yan mata zuwa wasu kwanaki a wata.

Sai dai ki yi wa firinsifal ɗin taku adalci. Firinsifal ba ta ɗaukar malami, ba ta korarsa. Hukumar kula da manyan makarantun sakandare ce ke turowa. In babu malamin Fiziks, abin tambaya shi ne ko ta rubuta ta nema, kuma ina kwafin takardar. Rufin da iska ta yaye ma haka. Fam ɗin APER na ƙarshen shekara kuwa, wato takardar auna ƙwazon ma'aikaci, kada ki dogara da shi, yawanci cika shi ake yi don ƙarin girma, kowa ya fito da yabo.

Kuɗin PTA ku nemi rasit a zaman kwamiti, a gaban kowa, ba a ofishinta ke da ita ba. Malamai kuma ki ji ta bakinsu ɗaya bayan ɗaya, musamman waɗanda suka daɗe a makarantar suka ga shugabanni biyu ko uku.