Giya ta biyar ga tsohuwar Hilux: abin da za ka auna kafin ka biya kuɗi

Ka ce mini, "Maigida, Hilux ɗin nan mai giya huɗu tana kuka a hanyar Tanut tana shan gazuwal, wace bwat (akwatin giya) mai giya biyar za ta shiga?" To zauna, ɗana, ka ji.

Giya ta huɗu ɗaya-da-ɗaya ce: inji ya juya sau ɗaya, kardan, dogon sandan da ke kai juyi daga bwat zuwa baya, ya juya sau ɗaya. Ta biyar a bwat irin G52 ko W56 ta Toyota kusan 0.85 ce. Injin da ke juyi 3000 a minti zai sauko wajen 2550 a gudu ɗaya. Nan ne sauƙin mai yake, ba wani ƙarfi aka ƙara wa motar ba.

Fara da pon na baya, gidan giyar da ke raba juyi ga tayoyin baya. Ɗaga taya guda, ka sa alli a jikinta da jikin kardan, ka juya tayar sau biyu cif kana ƙirga juyin kardan. In ya kusa biyar, kamar 4.88, giya ta biyar za ta yi mata daɗi. In kuwa huɗu ne da ɗan kai, ga manyan tayoyi an sa mata, ga injin 2L wanda dama ba gwanin ƙarfi ba ne, to da ta ga hawa ko iskar gaba za ta sare, direba ya koma huɗu. An yi asarar kuɗi ke nan.

Sai kulosh, kwanon da ke haɗa bwat da inji. Na injin esansi 22R bai hawa injin gazuwal na gidan L irin 2L ɗin nan, ramukan noti ba su faɗa wa juna. Bwat na G da na W suna iya musayar kulosh, amma bwat R151 gidanta daban ne. In motar mai ja huɗu ce, ƙirga haƙoran sandan da ke fita ta bayan bwat: G52 da W56 suna da 21, R151F tana da 23, ba za ta shiga tiransifa ɗinka ba, wato akwatin da ke raba ƙarfi gaba da baya, sai an canja giyar bakinsa.

Sandan gaban bwat, wanda ke shiga wajen inji, shi ne ke kunyata yara. Ku ga haƙora sun shiga diskin ambiriyaj, wato faifan kuloci, ku ce an gama. Tsawon fa? In ya gaza, bakinsa bai isa ƙaramin boris ɗin da ke gindin karanshaf ba, wato babban sandan inji, sanda ya riƙa lilo har ya cinye boris ɗin bwat. In ya yi yawa kuka ja da noti da ƙarfin tsiya, kun danne karanshaf. Bwat da ta dace da hannu take zama daram, noti riƙewa kawai yake yi. Saboda haka ko Ƙofar Ruwa za ka a Kano, ko nan cikin Damagaram za ka nema, tafi da tsohon diski da awon tsohuwar bwat a takarda: tsawonta duka, wurin sandar giya, wurin da take zama kan ƙarfen ƙasa. In ta fi tsawo sai an rage kardan, kuma mai injin dira ne zai yanke ya daidaita, ba mai waldar bakin titi ba, don karkataccen kardan girgiza yake yi ya kashe kuros, mahaɗin kardan ɗin.

Kafin ka biya, kwance notin zubar da mai. Ɗan baƙin gari a maganaɗisun notin ba komai. Gutsuren ƙarfe ko mai mai ƙyallin tagulla, bar musu kayansu. Sa kowace giya ka juya da hannu, a ta biyar sandan baya ya ɗan fi na gaba sauri.

Mai kuwa 80W-90 GL-4, har ya taɓo bakin ramin cikawa. Kada ka zuba mata 140 na pon.

Ka kuma gaya wa mai motar, in ya lafta buhunan gero ko ya shiga rairayi, ya tsaya a huɗu. A huɗu ƙarfi miƙewa yake yi kai tsaye, a biyar sai ya ratsa ta sandan ƙasa na cikin bwat da ƙananan haƙora, su ne ke fara fashewa da lodi. Ɗauko mita mu fara da awon.