Likita, tsayar da jinin tukuna, amma kada awa biyu ta wuce

Wani likita mai ƙaramin asibiti a ɗaya daga cikin jihohin Arewa maso Yamma ya aiko da tambaya. Da misalin ƙarfe ɗaya na dare wasu samari biyu suka kawo masa manomi a kan babur, an harbe shi a cinya, sun ɗaure wurin da rawani. Ya tsayar da jinin, ya yi masa ƙarin ruwa, sannan ya buga wa wani ɗan sanda abokinsa waya ya gaya masa. Gari na wayewa aka zo aka tafi da shi da samarin caji ofis, suka yini a bayan kanta, wai ya yi wa ɗan bindiga magani ba tare da takardar 'yan sanda ba. Yanzu abokan aikinsa na cewa duk wanda aka kawo da harbi a tura shi gaba kawai. Yana son ya san matsayinsa, da kuma yadda likitocin jiharsu za su sa majalisa ta kawo ƙarshen wannan abu.

Likita, sannu da wannan jarrabawa. Maganin da ka yi ba laifi ba ne, dole ce doka ta ɗora maka. Dokar tilasta kula da waɗanda aka harba ta 2017 ta ce kowane asibiti a Najeriya, na gwamnati ko mai zaman kansa, ya karɓi mai raunin bindiga nan take, da takardar 'yan sanda ko babu, da kuɗin kafin alƙalami ko babu. Tun kafin ita ma, sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta ƙin duba mai buƙatar gaggawa, hukuncinsa tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Su kuma masu ba ka shawarar tura mutane gaba, ka gaya musu dokar 2017 ta tanadi tarar naira 500,000 ko ɗaurin shekara biyar ga wanda ya naɗe hannu har mutum ya mutu, likita ne shi ko ɗan sanda.

Ita wannan takarda da ake ta nema, asalinta wata dokar soja ce ta 1984 kan fashi da makami, wadda ta wajabta wa asibiti ya kai rahoton duk mai raunin harsashi. Kai rahoto ta ce, ba ta taɓa cewa a jira izini ba. Tsoro ne da kamun da ake yi wa likitoci suka mayar da ita al'ada. Abin mamaki, mutum ɗaya ne ke kan mulki lokacin dokokin biyu: Janar Buhari a kaki, sannan Shugaba Buhari a babbar riga.

Amma akwai inda ka bar ƙofa a buɗe, kuma ba zan ɓoye maka ba. Doka ta ba ka awa biyu daga fara magani ka sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa. Waya ga aboki, wanda ƙila ma ba a wannan shiyya yake aiki ba, ba ta cika wannan sharaɗi yadda lauyanka zai so. Rashin kai rahoto laifi ne mai zaman kansa: tarar naira 100,000 a kan asibiti, likitan da ya yi aikin kuma ɗaurin wata shida ko biyan tara, ko duka biyun. Saboda haka kada ka goge tarihin kiran daga wayarka, shi ne shaidar cewa ba ɓoye mutumin ka yi ba. Ka adana katinsa da lokacin da aka rubuta, da sunan nas ɗin da ke bakin aiki. Daga yau kuma ka buga 'yar takarda kwafi biyu ka ajiye a aljihun tebur: lokacin zuwa, inda raunin yake, wanda ya kawo shi. A kai wa ɗan sandan da ke kan kanta a caji ofis ya sa hannu da hatimi, ɗaya ta dawo fayil. Ko maigadi zai iya kaiwa.

Samarin nan ma doka ta san da zamansu, ta ce a mutunta wanda ya taimaki mai rauni, kada a dame shi da tambayoyin cin fuska. Shi kansa majinyacin ba a ɗauke shi zuwa bincike sai shugaban asibiti ya tabbatar ya samu sauƙi. Wannan kariya fa ta wanda aka kawo wa majinyaci asibiti ce. Wanda ya ɗauki jaka ya bi mutane daji yana yi musu allura a ɓoye, shari'arsa daban ce, ta taimaka wa ta'addanci.

Kan tsare ka da aka yi, kana iya kai ƙarar take haƙƙi a babbar kotu bisa sashe na 35 na tsarin mulki, ka nemi diyya da ban haƙuri. Ni dai, tunda yini ɗaya ne kuma rahotonka yana da rauni, zan fi son ka fara da takardar koke ga Kwamishinan 'Yan Sanda ta hannun reshen ƙungiyar likitoci ta NMA na jiharku. A 2023 Sufeto Janar da kansa ya umarci a bi wannan doka, ku tuna musu da hakan. Idan suka ci gaba da kiranka ana maka je ka dawo, to kotu ta zama dole.

Batun majalisa yana da tushe. Tsarin mulki ya bar wa tarayya tsara sana'o'i irin naku, shi ya sa lasisinka daga MDCN, hukumar rajistar likitoci ta ƙasa, yake fitowa, amma rajistar asibitoci masu zaman kansu da yawancin harkar jinya a hannun jihohi suke, kuma lauyoyi na jayayya kan iyakar ƙarfin irin wannan dokar tarayya a cikin jiha. Dokar jiha za ta kashe wannan gardama. Sai dai kada ku je ku kwafo ta tarayya ku miƙa. Ku nemi abin da ta bari: wa zai biya kuɗin jini da tiyata idan majinyaci ba shi da ko sisi, daga wane asusu, cikin kwana nawa. Ku nemi a rubuta cewa rahoto ta lambar waya da aka keɓe ya wadatar cikin dare, domin a garin da ake harbi ba wanda zai aiki nas caji ofis ƙarfe biyu. Ku nemi kuma a ce ba a kama likita kan magani sai da sanin Antoni Janar na jiha.

Hanya biyu ce: ko ɗan majalisa ya ɗauki ƙudirin, ko Ma'aikatar Lafiya ta kai ta majalisar zartarwa. Ta biyu ta fi jan lokaci, amma tunda akwai maganar kuɗi ta fi tabbas. Bayan karatu na biyu kwamitin lafiya kan kira zaman jin ra'ayin jama'a, nan ne wurinku. Ku je da takarda a rubuce da alƙaluma daga rajistar asibitocinku, ba tare da sunan majinyaci ko ɗaya ba, don sirrinsa na hannunku. In ƙudirin ya wuce, gwamna na da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi, kashi biyu cikin uku na majalisa kuma na iya tsallake shi.

Abokanka da ke aikin gwamnati su bar shugabannin ƙungiya su yi magana da 'yan jarida, don dokokin aikin gwamnati na iya hawa kansu. Kai mai asibitin kanka ba wannan takunkumi a bakinka, saboda haka a zaman majalisa kai ya kamata ka tashi ka ba da labarin daren nan.