Hukuncin tarar da banki ke cira idan an wuce iyakar obadiraf

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni ɗan kasuwar albasa ne, ina sarowa a Aliero ina kaiwa Legas. Bankina ya ba ni obadiraf, wato damar cirar kuɗi fiye da abin da ke asusuna har naira miliyan 2. Watan jiya kuɗin kayana suka maƙale a hannun dillalai, manoma kuma suna jira, sai na biya su har na zarce iyakar da naira 300,000. Ban da ruwan da aka saba ɗorawa, sai na ga an zare wani kuɗi daban, wai tarar wuce iyaka. Wani abokina ya ce wannan ba riba ba ce, tarar saɓa alkawari ce tunda ni na sa hannu. Mene ne hukunci, kuma yaya zan yi? Daga Jega, Jihar Kebbi.

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji, Allah ya sa albarka a kasuwa. Wannan tara riba ce, kuma ruwan da ka ce "an saba ɗorawa" shi ma riba ne, tun kafin ka kai ga iyakar.

Duk nairar da ka cira bayan kuɗinka sun ƙare rance ce. Da ka zarce miliyan 2, banki na da ikon hana kuɗin fita. Bai hana ba, ya ƙara maka rance, sannan ya nemi ƙari a kansa. Allah yana cewa a Suratul Baƙara, aya ta 275: "Allah ya halatta ciniki, ya haramta riba." Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa, daga Zaidu ɗan Aslam, yadda ribar jahiliyya take: idan wa'adi ya cika, mai bashi ya ce wa wanda yake bi, za ka biya ne ko za ka ƙara? To wannan ita ce a takardar asusunka. Abin ma da ya fi muni, sau da yawa ruwan da ya taru ne ke ingiza mutum ya haye iyaka, sai a ci shi tara a kan ruwa. Ninki-ba-ninkin da aya ta 130 ta Suratu Ali Imrana ta hana ke nan.

Maganar abokinka tana da inda ta samo asali, domin hadisi ya zo cewa Musulmi suna kan sharuɗɗansu. Amma ƙarshen hadisin a ruwayar Tirmizi ya togace sharaɗin da ya halatta haram ko ya haramta halal. Sa hannu ba ya wanke riba, don ai 'yan jahiliyya ma da yardar juna suke yi. Akwai tarar da shari'a ta yarda da ita: ka ba magini kwangilar shago ya ja maka lokaci, kana iya cin sa tarar da kuka ƙulla gwargwadon asararka. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙasa da ƙasa, a zamanta na Riyad a shekarar 2000, ta halatta irin wannan sharaɗi, amma ta cire duk yarjejeniyar da asalin abin da ke wuyan mutum bashi ne. Namu na Malikiyya ma sun riga su. Al-Haɗɗab ya ce wanda ya ɗaukar wa kansa biyan ƙari ga mai binsa idan ya makara, babu saɓani a kan ɓacin wannan, riba ce ƙarara.

Abin da zan ware shi ne ladan hidima. A zamanta na Amman a 1986, majalisar ta amince mai ba da rance ya karɓi ainihin abin da ya kashe wajen hidimar rancen, abin da ya haura haka kuwa riba ne. Kuɗin saƙon waya ko na buga takardar asusu ba su da laifi. Ma'aunin mai sauƙi ne: idan cajin yana hawa da yawan bashin ko da yawan kwanaki, ba hidima ba ce, ko da wane suna aka sa masa.

Game da yadda za ka yi, Alhaji, fara da tuba, saboda hadisin Jabir a Sahihu Muslim bai tsaya kan mai cin riba ba. La'anar ta haɗa da mai bayarwa da marubuci da shaidu biyu. Sannan duk kuɗin da ya shigo daga Legas ka fara toshe ramin nan da shi, ko da za ka rage lodin kaya na ɗan lokaci, domin kowace rana tana ƙara maka nauyi. Uwar kuɗin dole ka biya, haƙƙinsu ce, aya ta 279 ta Suratul Baƙara ta ce kuna da asalin dukiyarku, ba ku zalunta ba, ba a zalunce ku ba. Tarar kuwa, ka je ka zauna da manaja ka nemi a yafe ko a rage, kada kunya ta hana ka. Ka karɓi takardar asusu ka ba wanda ya san lissafi ya duba, don jadawalin cajin bankuna da Babban Bankin Najeriya ya fara aiki da shi a Janairun 2020 ya ƙayyade tarar jinkiri kada ta wuce kashi 1 cikin 100 a wata na abin da ba a biya ba. Idan an zarce, ka rubuta ƙorafi ga bankin, in bai saurare ka ba ka kai sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin. Wannan ƙa'ida ba ta mai da kashi 1 ɗin halal ba, hanya ce kawai ta ƙwato abin da za ka iya. Abin da suka riga suka zare, ko wanda ƙin biyansa zai jawo maka kotu ko ƙwace jingina, ka biya kana ƙinsa a zuciya.

Da zarar ka kammala, ka sa a rufe obadiraf ɗin a rubuce. Kada ka ce za ka bar shi don ko-ta-kwana, albasa kaya ce mai saurin lalacewa, kuma dillali zai sake makara. Ka daidaita da manoma su yi maka wa'adi sananne, ko ka nemi mai jari ku yi ƙirali, wato shi ya sa kuɗi kai ka juya su, ku raba ribar cinikin bisa kason da kuka amince. Akwai kuma bankunan da ba sa hulɗa da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ a 2019, masu yin murabaha, su sayi kayan su sayar maka da ribar ciniki sananniya. Su ma ka karanta takardarsu kafin ka sa hannu. Idan akwai tarar jinkiri, ka tabbatar sadaka take tafiya, ba aljihun banki ba, domin da wannan sharaɗin ne malaman da suka yi sauƙi a kanta suka yarda.

Wallahu a'alam.