Amsa ga ƙanwarmu mai tambaya kan fastonta

Salama, ƙanwata. Kin tambaya yaya ake gane fasto na ƙwarai. Kin ce naku na gida ba ya kiranki sai ƙarshen wata, ya yi gajeriyar addu'a ya tuna miki da zakka, kuma tun da kika zo Sudan aiki bai taɓa tambayar inda kike sujada ba. Bari in ba ki abin da idona ya gani.

Shekara bakwai na yi a Khartum ina tuƙa motar wata ƙungiyar agaji. Ni ɗan ikkilisiyar COCIN ne daga Filato, sai na manne wa wata ƙaramar ikkilisiya ta mutanen duwatsun Nuba a unguwar Haj Yusuf. Daga baya na gane ashe gida na faɗo, domin mishan ɗin SUM (Sudan United Mission) da ya sauka Wase a 1904, wanda COCIN ta fito daga aikinsa, yana cikin waɗanda suka kai bishara duwatsunsu. Mu masu jin Hausa ba mu kai goma ba, muna zama a bencin baya saboda Larabcinmu bai nuna ba.

Faston ikkilisiyar, Baba Fasto, kafinta ne, da guduma da zarto yake ciyar da gidansa. Wa'azinsa ba ya tayar da tsikar jiki, har na taɓa raina shi a zuciyata, Allah ya gafarta mini. Amma yana da wani tsohon littafin rubutu da sunan kowa a ciki, da unguwarsa, da 'ya'yansa, da ciwon da ke damunsa. Ranar Asabar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke. Wuta ta ɗauke, famfo ya ƙafe, waya yau ta shiga gobe ta ƙi. Dattijon nan ya ɗauki littafinsa ya bi mu gida gida da ƙafa. Ni baƙo, wanda baikona bai taka kara ya karya ba, sai ga shi a ƙofata da fatar baki busasshiya yana tambaya ko ina da ruwan sha. Akwai wata gwauruwa mai ciwon suga, shi ya nemo mata allura, ya nuna wa jikarta yadda za ta ajiye ta gindin tulu don kada zafi ya lalata ta. Ya kira dattawa, aka buɗe asusun baiko a gaban kowa, aka sayi garin dawa da wake. Da aka samu babbar mota zuwa Wad Madani, marasa lafiya da masu goyo ya fara sa wa, iyalinsa suka jira ta biyu. A Madani kuwa gidan wani Bahaushe Musulmi ɗan garin Mai Wurno na Sudan Baba Fasto ya sauke mu, mutumin da ya taɓa yi wa ƙofofi.

Sai a lokacin Yohanna sura 10 ta zauna mini: makiyayi yana kiran tumakinsa da sunayensu, ɗan ƙwadago kuwa in ya hangi kyarkeci sai gudu. Ki duba 1 Bitrus 5:2-3, an ce a yi kiwon da yardar rai, ba don kwaɗayin riba ba, ba da nuna iko ba. A 1 Timoti 3 ma, kusan duk sharuɗɗan hali ne: kamun kai, karɓar baƙi, rashin son kuɗi, riƙon gida. Gwaninta guda aka ambata, iya koyarwa.

Amma kada ki yi saurin yanke wa naki hukunci. Ba duk faston da ya bar Khartum ne ɗan ƙwadago ba, wasu garkensu suka bi. Cin abinci daga aikin kuma ba laifi ba ne, Manzo Bulus ya ce kada a sa wa sa takunkumi yana sussuka. Na san fastocin ƙauye da ke wata da watanni ba albashi, wataƙila naki matsi ne ya sa shi haka. Ki kira shi da ladabi ki ce, Baba, ina cikin kaɗaici, ba ni da wurin sujada, ina bukatar a riƙa tambayata. Ki bar maganar kuɗi gefe, ki ga ko zai sake kira a tsakiyar wata. Ki kuma nemi zumunci a nan inda kike, don wanda ke Najeriya ba zai kai ki asibiti da dare ba.

Baba Fasto yana raye. Da Madani ta faɗa hannun mayaƙa a Disamba 2023 muka rabu, amma makon jiya saƙonsa ya shigo, yana tambayar ƙafar ɗana da ta karye, ko yaron ya fara takawa.