Tambaya da Amsa: Ɗan takara mai tsaka-tsaki zai iya kashe wutar gabar jam'iyyu?

Wasiƙun wannan wata daga masu karatunmu mazauna Saudiyya suka fito. An taƙaita wasu saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni tela ne a Shara Mansur, nan Makka. Bayan Isha mukan zauna shan shayi a ƙofar shago, kuma dare uku ke nan gardama ɗaya muke yi har shayin ya huce a kofi. Wani dattijo a cikinmu ya dage cewa maganin gabar da ke tsakanin jam'iyyun Amurka biyu shi ne a samu ɗan takara mai sassaucin ra'ayi, wanda ba ya can ba ya nan. Ni na ce an gwada ba ta yi ba. Ku raba mana gardama.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Ka gaida mana Baba, ka ce masa maganarsa tana da tushe, sai dai kai ka fi kusa da gaskiya. Kafin a kai ga abin da irin wannan mutum zai yi a kan kujera, a fara duba ƙofar da zai bi ya shiga, wato zaɓen fidda gwani.

A ce ga mazaɓa mai mutum 100,000, an shata iyakarta yadda 60,000 na jam'iyya ɗaya ne, 40,000 na ɗayar. Kowa ya san wanda zai ci babban zaɓe tun ba a buga takardar ƙuri'a ba, don haka ainihin karawar tana wajen fidda gwani. Ranar kuwa mutane ba sa fitowa sosai. A ce 15,000 suka fito, 8,000 sun isa su ba mutum tikiti. Su wa ke barin aikinsu su je layi a ranar da yawancin maƙwabta ba su ma san ana zaɓe ba? 'Yan ga-ni-kashe-nin jam'iyya. Mutum 8 cikin 100 ke nan suka naɗa wa mazaɓar wakili, kuma wakilin ya san su waye. Tsoronsu yake ji, ba ya tsoron abokin hamayya.

Wannan lissafi ya ci manya. Sanata Richard Lugar, wanda ya yi suna wajen aiki da ɗaya ɓangaren, ya rasa tikitin Rifablikan a Indiyana a 2012 bayan shekara fiye da 30 a majalisar dattawa. A cikin 'yan Rifablikan 10 na majalisar wakilai da suka goyi bayan tsige Donald Trump a Janairun 2021, biyu kacal suka dawo bayan zaɓen 2022. Su biyun kuwa daga jihohin Washinton da Kalifoniya suke, inda ake zuba dukkan 'yan takara a takarda ɗaya wajen fidda gwani, kowane mai ƙuri'a ya zaɓa, biyun da ke kan gaba su wuce. Ruwa ba ya tsami banza.

To a ce mai sassaucin ya tsallake ya zama shugaba. Majalisar da zai tarar cike take da mutanen da waccan ƙofa ta tace. A majalisar dattawa mai kujera 100, yawancin ƙudurori sai da ƙuri'a 60 ake iya rufe muhawara a kansu, saboda haka dole ya nemi 'yan adawa. Su kuma 'yan adawa sun san duk nasarar da suka taya shi samu, da ita zai yi yaƙin neman zaɓe a kansu. Dokar inshorar lafiya ta Barack Obama ta 2010 ta ɗauko fasalinta daga wadda Mitt Romney, ɗan Rifablikan, ya sa wa hannu a Masacusets a 2006, amma ko ƙuri'ar Rifablikan ɗaya ba ta samu ba a zartarwar ƙarshe. Joe Biden ya yi takarar 2020 da alkawarin haɗa kan ƙasa. Ya ɗan taɓuka: dokar gina hanyoyi da gadoji ta 2021 ta wuce majalisar dattawa da ƙuri'a 69 da 30, har da 'yan Rifablikan 19. Amma gada daban, zuciya daban. Ya sauka ya bar gabar inda ya same ta.

Idan Baba ya ce to a tsaya ba tare da jam'iyyun biyu ba, ka tuna masa da Ross Perot. A 1992 ya samu kusan kashi 19 cikin 100 na ƙuri'un jama'a, ya tashi babu ko ɗaya cikin wakilai 538 na jihohi da ke zaɓen shugaban ƙasa. Dalili shi ne a duk jihohin, ban da Maine da Nebraska, wanda ya zo na ɗaya shi ke kwashe wakilan jihar gaba ɗaya. Mai tsaka-tsaki magoya bayansa a warwatse suke, ya zo na biyu nan, na uku can, ya ƙare ba tsuntsu ba tarko.

TAMBAYA: Na ji ana cewa tsarin jera 'yan takara, na ɗaya, na biyu, na uku, shi ne ke taimakon masu sassauci. Yaya yake aiki? Daga wani direba a Jidda.

AMSA: Ga yadda ake ƙirgawa, Malam. A fara da zaɓin farko na kowa. Idan wani ya haura rabi, magana ta ƙare. Idan babu, a cire na ƙarshe, a raba ƙuri'unsa bisa zaɓi na biyu da masu su suka rubuta, a sake ƙirgawa, haka har wani ya haura rabi. Amfaninsa shi ne ɗan takara yana buƙatar magoya bayan abokin karawarsa su sa shi na biyu, don haka zagi ba ya biyansa.

Amma akwai rami. Ƙuri'a 100: mai zafi na dama 40, mai zafi na hagu 35, na tsakiya 25. Na tsakiyan shi ne zaɓi na biyu na kusan kowa, da za a haɗa shi da kowannensu gaba da gaba zai kayar da shi, amma shi za a fara cirewa. Kwatankwacin haka ya faru a Alaska a zaɓen cike gurbi na Agustan 2022: Nick Begich, wanda shi ne kamar na tsakiyan, aka fara fitarwa, Mary Peltola ta doke Sarah Palin. Abin da ya fi amfanar masu sassauci a Alaska shi ne buɗe zaɓen fidda gwani ga kowa, huɗu su wuce. Sanata Lisa Murkowski, wadda ta taɓa faɗuwa a fidda gwanin jam'iyyarta a 2010, ta wannan ƙofa ta bi ta ci zaɓen 2022.

TAMBAYA: Malamaina, ni ɗalibi ne a Madina. Mu a Najeriya ai doka ta tilasta wa ɗan takara neman ƙuri'a a ko'ina. Me ya sa duk da haka kowane zaɓe sai zauren WhatsApp na ɗalibanmu ya dare biyu, wasu su fice ba sallama, alhali ko ƙuri'ar ma ba ma iya jefawa daga nan?

AMSA: Allah ya ba da ilimi mai amfani. Dokar da kake nufi sashe na 134 ne na kundin 1999: sai mutum ya fi kowa ƙuri'a, sannan ya samu aƙalla kashi 25 cikin 100 a kashi biyu bisa uku na jihohi, wato 24 cikin 36. Tun 1979 ake da irinta, kuma tun ranar farko ta jawo shari'a: jihohi 19 ne a lokacin, Shehu Shagari ya cika sharaɗin a 12, a Kano ya tsaya ƙasa kaɗan da kashi 20, sai da Kotun Ƙoli ta amince da lissafin cewa kashi biyu bisa uku na jihohi 19 shi ne 12 da biyu bisa uku, ba 13 ba. Dokar ta yi aikinta ta fuska ɗaya, ta hana jam'iyyar yanki ɗaya kama mulki ita kaɗai.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Hanya biyu ce ta samun kashi 25 a jihar da ba taka ba. Ko ka sassauta harshe har mutanen wurin su yarda da kai, ko ka yi ciniki da gwamna ko uban gidan siyasar jihar ya kawo maka ƙuri'un a dunƙule. Ta biyun ta fi sauri, ita aka fi bi. Shi ya sa manya ke haɗewa a sama, mabiya na gaba a ƙasa. Gabar tamu ma ba ta aƙidar jam'iyya ba ce irin ta Amurka, ta yanki da addini ce sanye da hular jam'iyya. Atiku Abubakar ya yi PDP, ya yi AC a 2007, ya koma PDP, ya shiga APC a 2014, ya sake komawa PDP a 2017. Ɗan siyasa na sauya sheƙa cikin dare ɗaya, waɗanda suka ɓata da surukansu dominsa su kwana da gabar.

Dubi 2023. Bola Tinubu ya ci da ƙuri'a miliyan 8.8, kusan kashi 37 cikin 100. Atiku na da kusan miliyan 7, Peter Obi miliyan 6.1, Rabi'u Kwankwaso miliyan 1.5, wadda kusan miliyan ɗaya a cikinta daga Kano kaɗai ta fito. Masu rajista sun haura miliyan 93. Da ana buƙatar fiye da rabi, kamar yadda Kenya ke yi tun kundinta na 2010, da sai an je zagaye na biyu, kuma da dole biyun farko su je neman mutanen Obi da na Kwankwaso da lallami.

Mun taɓa samun shugaba mai sanyin hali. Umaru Musa 'Yar'aduwa ya faɗa da bakinsa ranar rantsuwa a 2007 cewa zaɓen da ya kawo shi yana da naƙasu, ya kafa kwamitin gyaran zaɓe na Mai Shari'a Muhammadu Uwais, ya jawo jam'iyyar adawa ta ANPP cikin gwamnati, ya yi wa tsagerun Neja Delta afuwa a 2009. Ƙasa ta ɗan lafa. Sai dai babbar shawarar kwamitin, ta cire naɗin shugaban hukumar zaɓe daga hannun shugaban ƙasa shi kaɗai, ba a karɓe ta ba. Ya rasu a Mayun 2010, kuma rikicin bayan zaɓen 2011 ya ci rayuka fiye da 800. Sanyin na mutum ne, ya tafi da shi. Abin mamaki, abin da ya fi kashe wuta a tarihinmu na kusa daga wanda ya faɗi ya fito: wayar da Goodluck Jonathan ya buga wa Muhammadu Buhari ranar 31 ga Maris 2015, tun ba a kammala sanar da sakamako ba, bayan yaƙin neman zaɓe mai ɗaci ƙwarai.

TAMBAYA: Ni Bahaushen Sudan ne daga Mai Wurno, ina aiki a Riyad. Mu mun ga mai tsaka-tsaki da idonmu. Me ya kayar da Hamdok?

AMSA: Allah ya kawo wa Sudan zaman lafiya, Malam. Abdalla Hamdok firayim minista ne na riƙon ƙwarya, ba a zaɓe shi ba, kuma nan matsalar ta fara. Ya karɓi aiki a Agustan 2019 ba shi da jam'iyya, ba shi da ƙuri'a, ba shi da bindiga. Ministan tsaro da na cikin gida ɓangaren soja ke zaɓo su. Aikin da ya rage masa shi ne mai ɗaci: karya darajar fam a Fabrairun 2021 da janye tallafin mai, hauhawar farashi ta haura kashi 300 cikin 100. Ya samu cire Sudan daga jerin Amurka na ƙasashe masu tallafa wa ta'addanci a Disambar 2020, amma wannan ba ya sayen burodi. Da aka yi juyin mulkin 25 ga Oktoba 2021, ya sa hannu a yarjejeniyar 21 ga Nuwamba ya koma ofis, sai masu zanga-zanga suka ce ya sayar da su, sojoji kuma ba su sakar masa komai ba. Ranar 2 ga Janairu 2022 ya ajiye aiki. Mai shiga tsakani yana da tasiri ne idan kowane ɓangare zai yi asarar wani abu in ya tashi ya tafi. Ranar da ya tafi, babu ɓangaren da ya ji ya rasa wani abin da ba zai iya rayuwa babu shi ba.

TAMBAYA: Kowane ɗan takara cewa yake shi na kowa ne. Ta yaya za mu gane na gaske? Daga wata uwa a Jidda.

AMSA: Hajiya, kada ki saurari jawabin da ya yi a gaban taron gauraye. Nemi wanda ya yi a garinsu, da harshensu, ki kwatanta da wanda ya yi a ɗaya yankin. Yanzu duk suna yawo a waya. Sai ki duba ko ya taɓa tsawata wa nasa magoya bayan a bainar jama'a lokacin da suka zagi wani ɓangare, domin tsawata wa na wani ba ya cin komai. Idan ya taɓa riƙe jiha ko ma'aikata, ki tambayi wa ya ba kuɗi da tsaro da ayyuka, ba wa ya ba muƙamin je-ka-na-yi-ka ba. Idan kuma ya taɓa faɗuwa zaɓe, ki binciki abin da ya faɗa wa mabiyansa a kwana biyun farko, kafin lauyoyi su shirya takardun kotu.